Kun Tambaya Mun Amsa: Wai Wane Lokaci Ne Faransawa Ke Kira "Kyakkyawan Zamani"?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta gabata mun sa hoton doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta birnin Paris, muka rubuta a ƙasansa cewa an gina ta ne a lokacin da Faransawa ke kira kyakkyawan zamani. To layin nan guda ɗaya tak ya jawo mana saƙonni rututu ta WhatsApp da Facebook, wasu ƙarin bayani suke so, wasu kuma ransu ne ya ɓaci, kuma ni dai ban ga laifinsu ba. Shi ya sa na ba wa maganar filin wannan watan gaba ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Zariya, tarihi nake karantawa, malaminmu ya ambaci Bel Epok a aji ya wuce bai tsaya ba. Don Allah mene ne shi, daga yaushe zuwa yaushe ne, kuma wa ya raɗa masa sunan?

AMSA: Yauwa 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Da Faransanci La Belle Époque ake rubutawa, ma'anarsa kyakkyawan zamani, kuma shekarun da ke tsakanin yaƙi biyu ake nufi, wato daga 1871 da Faransa ta gama shan kashi a hannun Jamusawa zuwa 1914 da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke. Wasu masu tarihin ma rage shi suke yi, su ce daga wajen 1896 ne abin ya kankama sosai.

Farkonsa ba daɗi ko kaɗan. A 1870 sarkinsu Napoleon na 3 ya shiga yaƙi da Jamusawa, aka ritsa shi a garin Sedan aka kama shi da rundunarsa, aka yi wa Paris ƙawanya wata huɗu har yunwa ta sa mutane suka cinye dawakai suka koma kan ɓeraye, kai har giwayen gidan zu sai da aka yanka. Da aka zo sulhu Jamus ta ƙwace yankin Alsace da wani sashe na Lorraine, ta kuma ɗora masu diyyar faran biliyan 5, kuɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa tamma. Ana cikin wannan kuma talakawan Paris suka yi bore suka kafa tasu gwamnatin, sojojin ƙasar suka shigo a watan Mayun 1871 suka kashe dubbai cikin mako guda. To ƙasar da ta ga wannan ce fa ta biya diyyar nan kaf kafin ƙarshen 1873, sannan ta ɗaura ɗamarar nuna wa duniya cewa tana nan da ranta.

Hasumiyar da kika gani a hoton daga nan ta samo asali. An shirya gagarumin baje koli a 1889 don cika shekara 100 da juyin juya halinsu, kamfanin injiniya Gustave Eiffel ya gina ta a matsayin ƙofar shiga, tsawonta mita 300, cikin shekara biyu da wata biyu. Ni abin da ya fi burge ni aikin hannun da ke jikinta. Ƙarafa sama da 18,000 aka yanka aka huda tun a masana'anta, aka haɗa su da ƙusoshi miliyan 2.5, kuma a saman ginin ƙusa ɗaya mutum huɗu ke sa ta, ɗaya ya gasa ta a wuta har ta yi jajur, ɗaya ya zura ta a rami ya tokare, ɗaya ya riƙe abin da zai fitar mata da kai, na huɗun ya rafka guduma, in ta huce sai ta tsuke ta matse ƙarafan gam. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san aikin nan, bambancin kawai su a can sama suke yinsa cikin iska da sanyin hunturu. Manyan marubuta da masu zane na garin har takardar koke suka buga a jarida wai ƙarfen zai ɓata masu gari, izinin ma na shekara 20 ne daga nan a kwance ta, sai amfaninta wajen aika saƙon rediyo ya cece ta. Ba a yi ginin da ya fi ta tsawo a duniya ba sai 1930.

Batun suna kuma, mutanen da suka rayu a lokacin ba haka suke kiransa ba, kowa kukan gabansa yake yi kamar yadda muke yi yau. Sai bayan yaƙi ya cinye masu samari, kuɗi ya lalace, sannan suka waiwaya suka ce ashe da can daɗi muke ji. Kamar dai yadda dattawan Kano ke ba da labarin zamanin dalar gyaɗa ne, wanda bai sha rana ba bai san daɗin inuwa ba. Saboda haka in za ki rubuta a jarrabawa ki tuna sunan na kewa ne, kuma mai kewa abin da ya yi masa daɗi yake tunawa.

TAMBAYA: Oga ni bakanike ne a Kaduna, tun ina yaro Fijo nake gyarawa. Wani kwastoma ya ce min wai Faransawa ne suka ƙirƙiro mota da silima. Gaskiya ne? Kuma me suka yi a lokacin da har yanzu muke mora?

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya yi wa sana'a albarka. Kwastomanka ya faɗi rabin gaskiya. Motar fetur ta farko Bajamushe ne Karl Benz ya yi ta a 1886, amma Faransawa ne suka fara maida abin kasuwa, ta yadda a 1903 sun ƙera mota wajen 30,000, kusan rabin na duniya kenan, kafin Amurka ta zo ta wuce kowa. Gidan Peugeot ɗin naka ma ba da mota suka fara ba, zarto suke yi da injin niƙa kofi da kekuna, zakin da ke gaban 504 tun a jikin zarto yake, alamar haƙora masu kaifi. A wajen 1890 suka shiga harkar mota, kuma zuriyar wannan aikin ce aka fara harhaɗawa a garinku a 1975. Shi kuma Louis Renault yana ɗan shekara 21 ya haɗa 'yar motarsa a rumfar bayan gidansu, a daren 24 ga Disamba 1898 ya hau wani titi mai tudu a unguwar Montmartre da ita abokai na kallo, a daren ya samu oda sama da 10.

Ka gaya wa mai facin da ke gefen garejinku shi ma yana da kaso a labarin. Da can tayar keke mai iska manne ta ake yi da gam a jikin wili, in ta yi faci sai an ɓata sa'o'i sannan a bar ta ta kwana ta bushe. A 1891 'yan'uwa biyu na gidan Michelin suka fito da wadda ake kwancewa a gyara a maida cikin mintoci. A 1909 kuma, ranar 25 ga Yuli, Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da wani ɗan jirgi na katako da yadi, cikin minti 37 ko kusa da haka.

Silima kam nasu ne a ma'anar da muka sani, wato a tara mutane a ɗaki ɗaya su biya kuɗi a haska masu a bango. Ranar 28 ga Disamba 1895 'yan'uwa biyu 'yan gidan Lumière suka yi haka a ɗakin ƙasa na wani gidan shan kofi a Paris, mutum 33 suka shiga, kowa faran ɗaya, aka nuna gajerun hotuna 10 kowanne bai kai minti ɗaya ba, ciki har da na ma'aikatan masana'antarsu suna tashi daga aiki. Shi kenan, ba labari ba sauti, amma kafin 'yan makonni layi ake yi a titi.

Amma in ni za a tambaya, ba mota ba silima, aikin asibiti ne babbar ribar da duniya ta ci a zamanin. A watan Yulin 1885 wata uwa ta kawo wa Louis Pasteur ɗanta Joseph Meister mai shekara 9, mahaukacin kare ya cije shi wuri 14, a lokacin kuwa wanda ciwon haukan kare ya bayyana a jikinsa sai dai a fara shirin jana'iza. Pasteur ba likita ba ne, masanin sinadarai ne, riga-kafin nasa kuma a kan karnuka ya fi gwada shi, ka ga in yaron ya mutu ya shiga uku. Aka sa likita ya yi masa allura 13 cikin kwana 10 da ɗoriya, yaro ya rayu har ya girma ya zama mai gadin cibiyar Pasteur ɗin. Kafin wannan, a 1880, wani likitan soja Alphonse Laveran da ke aiki a garin Constantine na Aljeriya ya duba jinin mai zazzaɓi a madubin likita ya ga ƙwayar maleriya tana motsi da idonsa, alhali da ana cewa mugun iskan fadama ne ke kawo ta. Sannan ka naɗe hannun rigarka ka duba, in akwai ɗan tabon nan na allurar BCG da ake wa jarirai don tarin fuka, to C da G ɗin sunayen Calmette da Guérin ne, a 1908 suka fara aikin, suka yi shekara 13 suna raunana ƙwayar kafin a fara ba ɗan'adam a 1921. Ga kuma Marie Curie, 'yar ƙasar Poland da ta zo Paris karatu ba ta da ko kuɗin gawayin ɗumama ɗaki, ita da mijinta suka gano sinadarin radiyom a 1898, ta ci kyautar Nobel sau biyu, 1903 da 1911. Waɗannan wallahi ba na jin nauyin yaba masu.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ni lissafi na sani. Ina suka samo kuɗin wannan bushasha? Kuma talakansu ya ɗanɗana ko kuwa irin tamu ce?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Abu na farko kuɗinsu bai rawa. Darajar faran a zinariya tun 1803 aka yanka ta, kuma ba a canza ba har 1914, mutum zai ajiye tsabar zinariya a safa jikansa ya zo ya tarar da ita da ƙarfinta. Ga shi babu harajin kuɗin shiga sai a 1914 aka yi dokarsa. Saboda haka mai ɗan hali sai ya sayi takardun bashin gwamnati ya zauna yana cin riba ba ya aikin komai. Kafin yaƙi kuɗin da Faransawa suka zuba a ƙasashen waje ya kai wajen faran biliyan 45, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a Rasha, da 'yan kwaminis suka karɓi mulki kuwa a 1918 suka ce ba su san zancen bashin sarki ba, dubban gidaje suka wayi gari da takardun banza a akwati.

Abin da zai fi jan hankalinka shi ne manyan kantuna irin su Bon Marché. Kafin su ciniki ake yi kamar namu, a taya a yi albarka. Su suka yaɗa tsarin rubuta farashi a jikin kaya, shiga kyauta ko ba za ka saya ba, riba kaɗan ciniki da yawa, in kaya bai yi maka ba ka dawo da shi, har kundin hotunan kaya suke aika wa mutanen ƙauye su yi oda ta gidan waya.

Talaka kuma ya samu wani abu, ba zan ce bai samu ba. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 sun sa firamare ta zama kyauta kuma dole ga yaro da yarinya daga shekara 6 zuwa 13, jarida ta yi arha har akwai mai sayar da kwafi miliyan a rana, an halatta ƙungiyoyin ƙwadago a 1884, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya fara aiki ranar 19 ga Yuli 1900. To amma fiye da rabin mutanen ƙasar a ƙauye suke suna fama da gona, lebura kuwa awa 10 zuwa 12 yake yi a rana, hutun kwana ɗaya a mako ma sai a 1906 ya zama doka. Manyan gidajen benen nan masu kyau da ake gani a hoto, can ƙololuwarsu ƙarƙashin rufi akwai 'yan ɗakuna kamar akurki, ba ruwa ba abin ɗumama, nan 'yan aikin gida ke kwana. Da aka kawo fansho a 1910 aka ce sai mutum ya kai 65, 'yan ƙwadago suka ce ai wannan fanshon matattu ne, don kaɗan ne a cikinsu ke kaiwa. Mata kuwa ba su da ƙuri'a sai 1944, albashin matar aure ma sai a 1907 doka ta ce nata ne.

Ranar 10 ga Maris 1906 mahaƙar kwal ta Courrières a arewacin ƙasar ta yi bindiga, mutum 1,099 suka mutu, da yawansu yara ne matasa. Bayan kwana uku kamfani ya rage neman masu rai ya toshe wasu hanyoyin don kashe wutar. Kwana 20 da faruwar abin sai ga mutum 13 sun fito da ƙafarsu, a cikin duhu suka yi ta lalube suna cin naman mushen dokin da ke jan kaya a ramin. Ka yi tunanin zuciyar matan da aka ce wa su haƙura ba sauran mai rai. Yajin aikin da ya biyo baya sai da aka turo sojoji. Ka je ka ce wa waɗannan matan suna cikin kyakkyawan zamani ka ji amsar da za su ba ka.

TAMBAYA: Ni tsohon mushe ne, na yi shekara 30 ina koyarwa a lakwal a jihar Tawa, asalina Birnin Ƙonni. Ɗana, raina ya sosu da na ga kun rubuta kyakkyawan zamani ba ku ƙara komai ba. Kakata ta ba ni labarin abin da Nasara suka yi a garinmu. Shin kun san a wace shekara aka yi shi?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya. Ka yi gaskiya, mun yi kuskure da muka bar layin nan shi kaɗai, kuma a madadin mujalla ina ba ka haƙuri. Mun san shekarar, 1899 ce, tsakiyar zamanin da ake magana a kai. Ka ba ni dama in faɗa wa yaran da ba su sani ba, musamman na wannan ɓangaren iyaka da ba a koya masu a makaranta.

A 1898 gwamnatin Faransa ta tura wasu hafsoshi biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, su ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi su kafa tuta kafin Ingilishi. Ba a ba su isasshen guzuri ba, sai suka maida kowane gari rumbunsu, su ƙwace hatsi da dabbobi, su kama maza su ɗora masu kaya, su kwashi mata, garin da ya yi gardama a cinna masa wuta. Tun a Sansane Hausa a watan Janairun 1899 suka kashe mutum 101 har da mata da yara. A watan Afrilu suka isa Lugu inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare su da baka da kibiya. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni, gari mai ganuwa mai dubban mutane, suka yi kisan da har yau jikoki irinka ke ɗauke da shi a zuciya, gawa ta yi yawan da sai manyan ramuka aka haƙa.

Wasiƙar da wani hafsa da suka kora ya rubuta wa budurwarsa ce ta tona asiri a Paris. Aka turo Kanar Klobb daga Tumbuktu ya bi sawunsu, bai sha wahalar neman hanya ba don ƙonannun garuruwa da gawarwaki a rataye a bishiya su suka nuna masa. Ya cim masu a Dankori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli 1899, Voulet ya sa aka harbe shi. Baba ka lura da ranar, ita ce ranar bikin ƙasa ta Faransa, a daren ana rawa a titunan Paris ana wasan wuta. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya masu baya suka kashe Voulet da Chanoine duka biyun, kaburburansu na nan a Maijirgi. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba a fasa tafiyar ba, sauran hafsoshin suka ɗauki rundunar suka ci Damagaram a ƙarshen watan, suka bi Sarki Amadu Kuran Daga suka kashe. Binciken da aka buɗe kuma aka rufe shi da cewa wai zafin ƙasar Sudan, sunan da Turawa ke kiran yankin nan namu da shi a lokacin, shi ne ya taɓa wa mutum biyu ƙwaƙwalwa, ƙasar da aka ci da jinin kuwa aka riƙe. Shi Chanoine ɗan janar ne, ubansa ya riƙe ministan yaƙi a 1898, lokacin da ƙasar ta rabu biyu kan Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahuden sojan da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa a 1894 ba a wanke shi ba sai 1906. Shekara 12 suna faɗa kan zaluncin da aka yi wa mutum ɗaya, kuma sun kyauta da suka yi, amma Ƙonni guda ba ta samu ko kwatankwacin wannan ba. 'Yan ƙalilan ne irin ɗan majalisa Vigné d'Octon suka tashi suka yi magana.

Ga wani lissafin kwanakin kuma. A tsakiyar Afrilun 1900 aka buɗe baje kolin Paris mafi girma, mutum wajen miliyan 50 suka shiga kafin a rufe a Nuwamba, ga fadar lantarki, ga titin da ke tafiya da kansa da mutane a kai, har injin dizal aka nuna yana aiki da man gyaɗa. Mako ɗaya da buɗewa, ranar 22 ga Afrilu, rundunonin Faransa uku suka haɗu a Kusuri suka kashe Rabeh, shi ma kwamandansu Lamy ya mutu a wurin, aka sa wa sabon gari sunansa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. A irin waɗannan bukukuwa har mutane ake kwasowa daga Afirka a gina masu bukkoki a kewaye su, 'yan kallo su biya su zo su ga yadda suke ci suke sha, a na 1889 mutum wajen 400 aka baje haka. Jules Ferry ɗin nan da na yaba wa kan makaranta kyauta, shi ne a 1885 ya tsaya a majalisa ya ce jinsin da ke sama yana da hakki a kan na ƙasa. Ɗan majalisa Clemenceau ya tashi ya ce masa shi fa tun da ya ji malaman Jamus na kafa hujja cewa Bafaranshe ƙasa yake da Bajamushe ya daina yarda da irin wannan zance.

Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Ƙonni da Illela, ta bar wa a nan ƙane a can, ita ma a waɗannan shekaru aka zana ta a teburin Turawa, yarjejeniyar 1890 da ta 1898 da ta 1904, sannan aka zo aka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Daga nan sai lanho, wato haraji, sai aikin tilas da ba a soke ba sai 1946.

Abu ɗaya zan ƙara Baba, don kada yara su ɗauki abin da ba shi ba. Ba dukiyar ƙasar Hausa ce ta gina Paris ba, abin da suka zuba a duk ƙasashen da suka mallaka bai kai kashi 10 cikin 100 na jarinsu na waje ba, yankinmu kuwa don gasa da Ingila da neman suna da ƙarin girman hafsoshi aka ci shi. Ni a wurina wannan ƙara wa abin ciwo yake yi, an zubar da jinin kakanni ne don a shafa wa taswira launi. In akwai abin da ka riƙe daga bakin kakarka, don Allah ka rubuto mana shi yadda ta faɗa, filin nan naka ne, za mu buga ba tare da mun taɓa ko kalma ba.

TAMBAYA: Salam, daga Zangon Kumasi nake rubutowa. To ya aka yi abin ya ƙare?

AMSA: Wa alaikassalam ɗan'uwa, a gaida mutanen Zango. Cikin mako biyar ya ƙare. Ranar 28 ga Yuni 1914 aka harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarajevo, ƙawance ya ja ƙawance, Faransa na ɗaure da Rasha, Jamus na ɗaure da Ostiriya. Jean Jaurès, ɗan siyasar da ya fi kowa ƙoƙarin hana yaƙin, ranar 31 ga Yuli aka harbe shi yana cin abincin dare a Paris, washegari aka buga ƙararrawar kiran soja a kowane ƙauye, ranar 3 ga Agusta Jamus ta shelanta yaƙi. Samari suka tafi da jan wando da shuɗiyar riga suna cewa kafin ƙarshen shekara sun dawo, suka tarar da bindiga mai sarrafa kanta. Ranar 22 ga Agusta kaɗai sojan Faransa wajen 27,000 suka mutu. A watan Satumba da Jamusawa suka matso, tasi-tasin Renault na Paris wajen 600 aka tara suka kai sojoji bakin daga a kogin Marne, jiragen sama da ake zuwa kallo a filin wasa aka ɗora masu bindiga. Kafin 1918 ƙasa mai mutum ƙasa da miliyan 40 ta rasa wajen miliyan 1.4, shi ya sa kusan kowane ƙauyensu yau akwai dutse a dandali da jerin sunaye, wani gidan suna ɗaya sau uku sau huɗu.

Da maza suka yi ƙaranci sai aka waiwayo Afirka. Baƙaƙen sojoji kusan 200,000 aka ɗiba, ana kiransu duka 'yan Senegal ko daga ina mutum ya fito, da yawa sarakuna aka tilasta wa su kawo su, wajen 30,000 ba su dawo ba. Ana tsakiyar wannan yaƙin ne a ƙarshen 1916 Kawusan, jagoran boren Buzaye, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya a Agadas, wani mai karatu daga can ya riga ya aiko da tambaya a kai, ita za mu fara ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.